Darasin Mako: Zaɓen Kwas da Jami'a ga Yaranmu da Suka Tashi a Kudu



Kowace shekara idan hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, abin da muka saba gani a unguwanninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, shi ne uba ya ciro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa yaro ya ce, "Je ka cike." Yaro ya tafi shi kaɗai, a tambaye shi kwas, ya faɗi wanda ya ji abokinsa ya faɗa, a tambaye shi jami'a, ya faɗi wadda sunanta ya fi amo a kunnensa. Cikin minti goma an yanke maganar da za ta ci shekara huɗu zuwa shida ta rayuwarsa da kuɗin gidansu. To mu da ba ma sayen buhun albasa sai mun kwance bakinsa mun duba, bai kamata a ce karatun ɗa ne muke saye a rufe ba. Darasinmu na yau a kan abin da ya kamata a zauna a daddale a gida ne kafin a je cike fom.

Na farko: kwas ake fara zaɓa, sannan makaranta

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, makinta gaba ɗaya 400. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin da yaro yake nema shi ke tsara su. Mai neman likitanci sai ya rubuta fizis da kemistiri da bayoloji. Mai neman injiniyanci sai lissafi da fizis da kemistiri. Mai neman lauya yana buƙatar adabin Turanci. Mai neman akanta yana buƙatar lissafi da darasin tattalin arziki. Idan yaro ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, ko ya ci maki mai yawa ba za a ɗauke shi ba, shekarar ta tafi ke nan. JAMB tana da kundi a shafinta na intanet wanda ya jera kowane kwas da darussan da yake buƙata a kowace makaranta, kuma kyauta ake dubawa.

Bayan wannan akwai sakamakon WAEC ko NECO. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka shafi kwas ɗin, a zama ɗaya ko biyu. Wasu jami'o'in, musamman a fannin likitanci, zama ɗaya kawai suke karɓa. Saboda haka a ɗauko sakamakon yaro tun daga aji huɗu na sakandare a shimfiɗa a gaba. Yaron da kemistiri ke ba shi wuya shekara uku a jere, don baba yana son a kira shi baban likita ba zai sa kemistiri ya yi masa sauƙi a jami'a ba. Mu tambayi malamansa, mu tambaye shi shi kansa, mu kuma bar shi ya gama magana kafin mu yanke.

Mu san kuma tsawon hanyar. Likitanci shekara 6 ne. Lauya shekara 5, sannan a ƙara kamar shekara guda a makarantar horon lauyoyi. Injiniyanci da digirin aikin jinya shekara 5. Yawancin sauran kwasa-kwasai shekara 4. Wannan lissafin idan babu yajin aiki ke nan, kuma ba mu manta ba a 2022 malaman jami'o'i na ƙungiyar ASUU sun yi wata takwas ba su shiga aji ba, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Na biyu: maganar jihar asali

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar mu mazauna Kudu, kuma shi ne aka fi yin tuntuɓe a kai. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba guraben karatu kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware shi ga jihohin da gwamnati ta lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko, kuma Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kabi da Zamfara da Bauchi da Borno da Yobe duk suna ciki.

Abin lura shi ne jihar asali ake dubawa. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarbanci kamar jakin Kano yana jin Hausa, in dai takardunsa sun nuna shi ɗan Katsina ne, to a Jami'ar Legas ba ya cikin kason 'yan yanki. Ƙofa biyu ce ta rage masa a nan: ko ya yi fice da maki, ko ya shiga ta kason kashi 20 ɗin nan. Amma shi wannan yaron idan ya nemi jami'ar tarayya da jiharsa ke cikin yankinta, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da ƙofar 'yan yanki ita ma. Jami'o'in jihohi kuwa, irin LASU da ke Ojo, 'yan asalin jiharsu suke fifitawa, da yawansu ma kuɗin baƙo ya fi na ɗan gida. A jami'ar jiharsa ta asali kuma shi ne ɗan gidan.

Don haka takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, a nemo ta tun da wuri. Duk wanda zai je gida biki ko sallah, ya haɗa da wannan. Kada a bari sai makaranta ta kira tantancewa sannan a fara buga waya ƙauye ana neman wanda ya san sakatariya. Muna kuma jan kunne, kada a sayi takardar jihar da ba ta yaro ba don neman sauƙi. Ƙarya ce, kuma ranar da aka gano ana iya korar yaro ko ya kai ajin ƙarshe.

A duba kuma suna da ranar haihuwa. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma bayanan da ke kan NIN ɗin su hukumar ke ɗauka. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a WAEC an rubuta Mohammed, ko shekarun haihuwa sun saɓa, a gyara kafin a sayi fom. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma ya zama na yaron ne ko na gida, a riƙe shi da kyau, don da shi za a ci gaba da amfani har a gama.

Na uku: maki da cunkoso

Ƙaramin makin da JAMB ke sanarwa duk shekara ba shi ne makin shiga ba. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, amma Jami'ar Legas da Jami'ar Ibadan ba sa kiran wanda bai kai 200 ba zuwa tantancewarsu, kuma a kwas mai cunkoso irin likitanci da lauya da haɗa magunguna, 200 ɗin ma ba ta kai mutum ko'ina. Yawancin manyan jami'o'i wanda ya sa su a zaɓin farko kaɗai suke dubawa. Idan sakamako ya fito bai kai yadda aka so ba, akwai damar canza kwas ko makaranta a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Gara a canza a shiga bana da a zauna ana jiran abin da lissafi ya nuna ba zai zo ba.

Kuma ba jami'a ce kaɗai makaranta ba. A kwalejin fasaha irin ta Yaba, wadda take nan tun 1947, ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita a yi aikin koyo shekara 1, a dawo a yi babbar difloma shekara 2. Kwalejin ilimi shekara 3 ce a samu NCE. Mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai kuma makarantun jinya da ungozoma, kuma kowa a cikinmu ya san yadda matanmu ke neman mace 'yar'uwarsu idan sun je asibiti.

Na huɗu: a tabbatar makarantar da kwas ɗin suna da izini

Hukumar NUC ce ke ba jami'o'i izini, NBTE ke kula da kwalejojin fasaha, NCCE ke kula da kwalejojin ilimi. Izinin makaranta daban, izinin kwas daban. Jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. Kwasa-kwasan sana'a kuma suna da hukumominsu: likitanci yana ƙarƙashin MDCN, injiniyanci yana ƙarƙashin COREN. Wanda ya gama a inda hukumar sana'arsa ba ta amince ba, lasisin aiki zai zame masa wahala.

Mu da ke kusa da iyakar Seme, dillalan karatun Kwatano suna yawan zuwa mana da daɗin baki, wai digiri cikin ɗan lokaci. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri a can cikin 'yan makonni. Duk wanda za a kai wa irin wannan tayi, ya fara bincikawa a ma'aikatar ilimi ta tarayya kafin ya ba da ko sisi.

A cikin gida ma, gurbin da bai fito ta tsarin CAPS na JAMB ba, hukuma ba ta san da shi ba, kuma yaro zai ga illar hakan ranar da ya zo tafiya bautar ƙasa. Wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ka kawo kaza ya sa sunan ɗanka, ka riƙe kuɗinka. Gurbi in ya fito, yaro da kansa zai gani a shafinsa ya danna ya karɓa.

Na biyar: aljihu da wurin zama

Kuɗin makaranta ɓangare ɗaya ne kawai. Akwai ɗakin kwana, abinci, littattafai, da kuɗin mota. Yaron da ke karatu a Sakkwato ko Maiduguri, kowane hutu sai an biya masa mota zuwa Legas da komawa. A 2023 jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗi, saboda haka kada a yi lissafi da abin da wan yaro ya biya shekarun baya. A ɗauki na shekara ɗaya a ninka da yawan shekarun kwas, sannan a tambayi kai ko kasuwa za ta ɗauka. Jami'o'i masu zaman kansu da Musulmi suka kafa a wannan yanki, irin Crescent a Abeokuta da Fountain a Osogbo da Al-Hikmah a Ilori, ba sa shiga yajin ASUU, amma kuɗinsu ya fi na gwamnati nesa. Kada a fara abin da za a tsaya a aji biyu. Ga ɗaliban makarantun gwamnati kuma akwai asusun NELFUND da aka kafa a 2024, wanda ke ba da rancen karatu ba tare da kuɗin ruwa ba, biya kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa.

Wurin zama shi ma abin dubawa ne, musamman ga 'ya'ya mata. Wa muke da shi a garin? Akwai ɗakin kwana a cikin makaranta? Yaya hanyar take wajen tsaro? Akwai masallaci da reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954? Yaron da ya tashi a Kudu kada a ɗauka don an tura shi Arewa ya koma gida ke nan. Wani bai taɓa yin wata guda a can ba, shi ma baƙo ne, yana buƙatar wanda zai riƙa leƙa shi.

Aikin wannan mako

Duk gidan da ke da ɗan aji biyar ko aji shida, a samu dare ɗaya a zauna, uba da uwa da yaron. A rubuta kwas biyu da yake iyawa, makaranta uku da yake da ƙofar shiga, da kuɗin kowacce. A nemi wanda ya yi wannan karatun a tambaye shi, a yi istihara, sannan a je cike fom, kuma babba ya raka shi ya karanta abin da aka shigar kafin a tura. Kasuwar rabin yini da za a rasa ba ta kai shekarar yaro ba. Wanda karatun takardun ya yi masa nauyi, ya kawo su ofishin masallaci bayan La'asar mu duba tare.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri. Amin.

Sakataren Masallaci