Amsar Tambaya: Jirgin Katako a Cikin Kwamfuta

Wani ɗalibi daga Warra, ta ƙasar Ngaski, ya rubuto cewa ya ɗauki siffar jirgin katakon mahaifinsa, wanda ke jigilar mutane a tafkin Kainji, ya shigar da ita cikin manhajar SolidWorks a matsayin fayil ɗin STL don ya ɗaura mata inji a baya, amma injin ya ƙi zama.

To ɗana, illar ba daga gare ka take ba, domin fayil ɗin STL, a haƙiƙaninsa, ba kome ba ne face dubban ƙananan alwatika da aka ɗinke tamkar komar masunta, ta yadda manhajar ba ta samun miƙaƙƙiyar fuska ko zagayayyen rami da za ta kama. Abin da ya wajaba shi ne ka zaɓi ɗigo uku a kan katakon bayan jirgin, ka shimfiɗa fuska bisansu, sa'an nan ka jingina injin da ita. Shi kuwa injin, in da hali, ka samo siffarsa a fayil irin na STEP maimakon STL.

Wani hanzari: STL ba ya ambaton ma'auni, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne; in manhajar ta ɗauki ɗaya a madadin ɗayan, girman jirgin zai kauce. Saboda haka ka sauka bakin ruwa da tef, ka auna tsawon jirgin da hannunka, ka gwada da abin da allon ya nuna.