Darasin Kiwo: Kare Mai Susa, Wace Allura Ta Dace Da Shi?

Darasinmu na wannan wata a kan kare ne. Shi ke gadin rumbu da turken awaki sa'ad da muke barci, amma in ya kama susa sai mu kore shi bayan gida. Waɗansu kuma sukan ce, "A yi masa allura." To, wace allura? Sai an san abin da ya kawo ƙaiƙayin tukuna.

Da fari a buɗa gashinsa a duba. Kaska takan maƙale a kunne da tsakanin yatsu, musamman da damina. Ƙuma takan taru a gindin wutsiya, tana barin kashinta kamar baƙin gari. In ba a ga ko ɗaya ba, amma gashi yana zuba a bakin kunne da gwiwar hannu, fata ta yi kauri da ɓamɓaroki, to kirci ne. Ƙwaron kirci ba ya ganuwa da ido, rami yake haƙawa cikin fata. Ga wata dabara: ka murza bakin kunnen da yatsunka. In ƙafar baya ta soma susa ita kaɗai, yawanci kirci ne. Ya kamata iyaye su lura, gama yaran da ke wasa da irin wannan kare sukan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki.

Maganin kirci allurar ivermectin ce, wadda aka fara sayarwa domin dabbobi a 1981. Ana yin ta ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14, wani lokaci har sau uku. A nan ne hatsari yake. Ruwan allurar da ake yi wa shanu mililita 1 ne ga kowane kilo 50 na nauyi. Karen ƙauye mai kilo 15 rabonsa bai kai rabin mililita ba. Wanda ya sayo kwalba a kasuwar Wudil ran Jumma'a ya zuƙa ta yadda ake yi wa sa, yana iya makantar da karensa ko ya kashe shi. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai wuce mako 6 ba. Ku bar wa malamin dabbobi wannan aiki. A ƙone tsumman da karen ke kwana a kai, a yi wa sauran karnukan gidan magani rana ɗaya. Baƙin mai na injin da fiya-fiya kuwa guba ne, kada a shafa.

Akwai kare da za a raba shi da kaska da ƙuma da kirci duka, amma yana ta lasar ƙafa yana goga fuska, kunne yana wari. Wannan kamar borin jini ne a mutum: jikinsa ne ba ya shiri da ƙura, ko garin furen ciyawa, ko wani abinci. A Turai da Amurka likita yakan gwada fata ya gano abin, sa'an nan ya riƙa yi masa allurar abin nan kaɗan kaɗan har jiki ya saba. Aikin yakan ɗauki wata da watanni, har shekara, kafin a ga sauƙi, kuma ba kowane kare yake taimaka wa ba. A ganinmu ba nan ne manomi zai fara zuba kuɗinsa ba. Wanka da ruwa mai tsabta, da share makwanci, da kashe ƙuma, suna rage wahalar ƙwarai. Allurar dexamethasone takan kwantar da susa nan da nan, amma in kirci ne sai ta ƙara masa ƙarfi daga baya.

Kafin taro mai zuwa, bari sakataren kowace ƙungiya ya rubuta yawan karnukan membobi da waɗanda ke susa. In kun haɗa kuɗi kuka kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma rana ɗaya, kuɗin tafiyarsa zai rabu a kanku, ya kuma yi wa karnukan rigakafin haukan kare, wadda ake sabuntawa kowace shekara.