Kafin Ka Kunna Injin Zuba Roba

Ɗana, tunda an ɗora ka a kan injin, abin da nake ji maka tsoro shi ne gaggawa. Daga buhu ɗaya na polikabonet wani zai fitar da kaya garau masu jure duka, wani kuma ya fitar da masu gautsi.

Wannan ba irin robar bokiti ba ce da aka saba zubawa a Sharaɗa da Bompai. Da ita ake yin murfin fitilar mota da tabarau na kariya, kuma tana shan danshin iska a ɓoye. Za ka damƙi ƙwayoyinta ka ji su a bushe, alhali da ruwa a cikinsu. Shi ya sa ake busar da su a zafin digiri 120 na awa 3 zuwa 4, sai danshin ya sauka ƙasa da kashi 0.02 cikin ɗari. In ka tsallake wannan, da robar ta narke a wajen digiri 300, ruwan nan zai daddatse dogayen sarƙoƙin da ke ba ta ƙarfi. Wani lokaci farin zane yakan fito a jikin kayan. To, ka gode wa Allah, aibin ya nuna kansa. Wanda ke damuna shi ne wanda ya fito tas, aka kai kasuwa, ya zo ya fashe a idon mai walda ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya same shi. Da damina kuwa, kada ka bar buhu a buɗe.

Mazubin ma kada ka bar shi da sanyi don kaya su riƙa fita da sauri. Yana son digiri 80 zuwa sama. Robar da ta daskare farat ɗaya tana riƙe matsi a ciki, bayan watanni ta tsage, musamman in fetur ya taɓa ta. Sa kayan tsakanin tabarau biyu masu tace ƙyalli, ka juya ɗaya, za ka ga launukan bakan gizo sun taru inda matsin yake.

Amma kada ka ɗauki wannan ka kai wa kowace roba. PET ta gorar ruwa sanyin gaggawa take so. In ta huce a hankali sai ta yi hazo, ta koma fara. Duk buhun da aka sauke maka, karanta takardar masu yinsa tukuna. In maigida ya matsa maka ka rage awannin busarwa, ka faɗa masa cikin ladabi abin da zai biyo baya.