Rangwamen Tufafi a Kasuwar Intanet

Jama'a, duk mun san cinikin riga a kasuwarmu. Mukan ɗauki riga, mu shafa yadin, mu ɗaga ta a rana, mu gwada a jiki. Mai riga ya sa suna, mu taya, ya ce albarka, mu ƙara, har ya sallama.

Yanzu akwai wata kasuwa wadda ba ta da rumfa. Tana cikin wayar hannu, ana ce mata kasuwar intanet. Manyan kantuna biyu na irinta, Jumia da Konga, sun fara aiki a Legas a 2012. A can mutum yakan ga hoton shat, da kwat, da wando, ya zaɓa, a aiko masa. Ba a tayi, ba a shafa yadi. Rubutu ne kaɗai da hoto. Saboda haka wanda ya iya karatu da lissafi shi ne mai ido a wannan kasuwa.

Samarinmu masu neman aikin ofis, da malamai, da 'yan makaranta, sukan bukaci farar shat ko kwat. Sau da yawa kuɗin amfanin gonarmu ne ke sayensu. To, ya kamata mu san yadda za mu tsare shi.

Abu na fari, lissafin rangwame. Wannan alama, %, ma'anarta kashi cikin ɗari. In an rubuta 50%, rabin kuɗi aka rage. In 25% ne, rubu'i aka rage. A ce kuɗin shat naira 20,000 ne, an rage 25%. Rubu'in 20,000 shi ne 5,000. Saura 15,000.

Amma lissafi bai ƙare ba. Akwai kuɗin aike, kuma yakan ƙaru in gari na da nisa. A ce naira 3,000 ne. Shat ta koma 18,000 ke nan. In ana sayar da irinta 17,000 a kasuwar birni, ashe mun yi hasarar naira 1,000, muna murna.

Abu na biyu, tsohon farashi. Mukan ga lamba biyu, an soke babbar da layi, an bar ƙaramar. Wasu 'yan kasuwa masu gaskiya ne. Wasu kuwa sukan kumbura lambar da suka soke don rangwame ya yi girma a ido. Maganin wannan shi ne mu rubuta farashi a takarda tun da wuri, mu kuma duba kanti biyu ko uku. Rangwame ya fi yawa a watan Nuwamba, lokacin da ake kira Black Friday. Al'adar Amurka ce: Jumma'ar da ke bin bikinsu na godiya, wanda suke yi ran Alhamis ta huɗu ga watan. Wanda ya rubuta farashi tun Oktoba ba a ruɗinsa a Nuwamba.

Abu na uku, awo. Ana auna shat daga wuya. Mu je wurin tela ya auna mana wuya, da ƙirji, da tsawon hannu, mu rubuta. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, wuya mai inci 15 kuwa wajen santimita 38 ke nan. Za mu kuma ga haruffa: S ƙarama, M matsakaiciya, L babba, XL babba ƙwarai. Amma L na wannan kamfani ba lalle ya zo daidai da na wancan ba. Sai mu gwama awonmu da jadawalin mai kaya. Kwat daga ƙirji ake auna shi. Tela na iya rage babba, amma da wuya ya ƙara wa ƙarami.

Abu na huɗu, yadi. Mu karanta mu ga ko auduga ce ko zaren roba. Auduga na shan gumi, ta dace da zafin ƙasarmu. Zaren roba ba ya yamutsewa da sauri, amma yakan riƙe zafi. Masu magana sun ce araha ba ta ado.

Abu na biyar, biya. Kafin mu biya, mu karanta sharaɗin mayar da kaya: kwana nawa aka ba mu, wa zai biya kuɗin mayarwa? In kanti ya yarda a biya bayan kaya sun iso hannu, wannan ya fi. Kada mu gaya wa kowa lambar sirri ta katin banki. In an ce rangwame zai ƙare yanzu-yanzu, kada mu firgita. Sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar alamar %?
2. Kuɗin kwat naira 40,000 ne, an rage 50%, kuɗin aike 4,000. Nawa za mu biya?
3. Don me muke rubuta farashi tun Oktoba?
4. Kowa ya je wurin tela, ya rubuto awon wuyansa, ya kawo aji gobe.