Darasi na 14: Tafiya Zuwa Togo Daga Ƙasar Katagum

Wanda ya tashi a Zadawa ko a Azare, babban ruwan da ya saba gani shi ne kogin Jama'are idan ya cika da damina. Teku kuwa sai dai a hoto. A wannan darasi za mu yi shirin tafiya zuwa wata ƙaramar ƙasa ta bakin teku, wato Togo, kamar yadda ɗan kasuwa ko mai ziyarar 'yan'uwa zai yi. Ka karanta a tsanake, ka kuma lura da yadda ake ba da umarni da yadda ake hani, domin za mu koma kansu bayan karatun.

Ƙasar da za mu je

Idan ka dubi taswira, za ka ga Togo siririya ce, doguwa, kamar an miƙe tsumagiya. Gana na yamma da ita, Jamhuriyar Benin na gabas, Burkina Faso na arewa, tekun Atlantika kuma na kudu. Tsawonta daga kudu zuwa arewa ya kusa kilomita 600, amma bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba. Ba ta ɗara Jihar Bauchi girma ba sai da kaɗan. A ƙidayar shekarar 2022 mutanenta sun haura miliyan 8.

Jamusawa ne suka fara mallakar ta a 1884. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka raba ta tsakanin Faransa da Ingila. Kason Ingila ya shiga cikin Gana, kason Faransa kuma ya sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, 1960. Wannan ne ya sa Faransanci shi ne harshen hukuma. A kudu ana jin harsunan Ewe da Mina, a arewa kuma akwai Kabiye da wasu da dama. Babban birnin ƙasar shi ne Lome, wanda yake manne da iyakar Gana.

Takardu

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza kafin ya shiga Togo. Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, kuma shugabanninsu na lokacin, Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema, su ne suka fi kowa faɗi-tashi wajen kafa ta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar zama a wata har kwana 90 ba tare da biza ba.

Amma kada wannan ya ruɗe ka, ka tashi hannu rabbana. Dole ka riƙe fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Hukumar Shige da Fice ce ke ba da su, kuma tana da ofishi a Bauchi. Ka nema da wuri, don ba a rana ɗaya ake samu ba.

Takarda ta biyu ita ce katin shaidar rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake kira yalo kad saboda launinsa rawaya ne. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, bai yi kome ba a idon ma'aikacin lafiya na kan iyaka. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Za ka iya gamuwa da wanda zai ce ya sama maka kati ba tare da allura ba. Kada ka yarda. Katin jabu zai iya jawo maka kamu, kuma ba zai hana sauro ɗauko maka cutar ba.

Hanya

Daga Azare sai ka hau motar Kano, ta Jama'are da Shuwarin da Wudil. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, wadda kan ci yini da kwana. A Legas za ka sami motocin da ke bin hanyar Badagiri zuwa Seme, inda iyakar Nijeriya ta ƙare. Daga nan sai ka ratsa Jamhuriyar Benin ta Kwatano da Wida, har ka isa Hilakondi, iyakar Benin da Togo. Gari na farko da za ka tarar a Togo shi ne Aneho, daga shi sai Lome. Tsakanin Legas da Lome bai kai kilomita 300 ba, amma kada ka auna shi da awon hanyar Azare zuwa Kano. Cunkoso da shingaye da jiran kan iyaka sukan cinye yini guda. Mai hali yana iya hawa jirgin sama daga Legas ko Abuja ya sauka a Lome.

Ka lissafa da kyau: iyaka biyu za ka ƙetare, hatimi huɗu za a buga maka. Na fita daga Nijeriya, na shiga Benin, na fita daga Benin, na shiga Togo. Duk inda aka miƙo maka fasfonka, ka buɗe ka duba kafin ka gusa. Idan hatimi ɗaya ya ɓace, ranar dawowa za a tambaye ka ta inda ka shigo, kuma amsar za ta yi maka wuya. Ka riƙe fasfonka da hannunka, kada ka ba 'yan-ga-ruwa da ke kewaya matafiya suna cewa za su gaggauta musu. Haka kuma kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko da ƙullin yaji ne. Abin da aka samu a jakarka, naka ne a gaban kwastan.

Ka saurari labarai kafin ka tashi. Nijeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A can ƙuryar arewacin Togo kuma, kusa da Burkina Faso, an kafa dokar ta-ɓaci a 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga. Baƙo ba shi da dalilin zuwa wannan yanki sai da shawarar mutanen ƙasa.

Da zarar ka shiga Togo, ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Idan ƙarfe 12 ta yi a Azare, ƙarfe 11 ce a Lome. Benin kuwa lokacinta ɗaya da namu.

Kuɗi

Kuɗin Togo shi ne sefa, kuma shi ake kashewa a Benin da Nijar da wasu ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma. An ɗaure darajarsa da Yuro: Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya hawa, ba ya sauka. Naira ce ke motsi, saboda haka ka tambayi farashin canji a ranar da za ka canza, ka kuma ƙirga kuɗinka a gaban ɗan canji. Akwai wani abu da ya kamata mutanen yankinmu su sani, tunda muna hulɗa da 'yan Chadi da Kamaru. Sefar waɗannan ƙasashe biyu daban take. Darajarsu ɗaya, sunansu ɗaya, amma mai shago a Lome ba zai karɓe ta ba.

A nan akwai darasin harshe mai amfani. Hausawa da yawa a ƙasashen sefa, musamman mutanen Nijar, da dala suke ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Ni kaina na taɓa jin kunya a kan wannan. Na sha koko da ƙosai a wajen wata dattijuwa, na ce, "Baba, nawa ne kuɗina?" Ta ce, "Dala arba'in, ɗana." Na miƙa mata sefa 50, na tsaya ina jiran canji. Ta dube ni, ta dubi kuɗin, ta ce, "Kai baƙo ne daga Nijeriya, ko?" Ashe sefa 200 take nufi. Idan aka faɗa maka farashi da dala, ka ninka shi sau biyar.

Masauki

Kada ka ɗauka kai ne Bahaushe na farko da ya taka wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke ratsa arewacinta a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ko sunan garin Sansanne-Mango ana danganta shi da kalmar Hausa, sansani. Inda fatake suka riƙa yada zango, nan unguwannin baƙi suka kafu, shi ya sa har yau ake kiran irin wannan unguwa zango a Togo da Gana da Benin. Tsohon zangon Lome a tsakiyar birni yake, amma a 1977 hukuma ta rushe shi, ta mayar da mutanensa Togblekope, arewa da birnin.

A zango za ka ji Hausa a masallaci da kasuwa, ko da yake za ka ji ta gauraye da kalmomin Faransanci, kuma ba duk mai jin ta ne Bahaushe ba. A can za ka sami naman da Musulmi suka yanka, da wanda zai nuna maka gari. A ganina, baƙon da bai iya Faransanci ba gara ya fara sauka a zango, ko da daga baya zai koma otal. Ka tafi da sunan wani da lambar wayarsa tun daga gida. Idan ka isa, ka gai da manya, ka faɗi garinku da abin da ya kawo ka.

A wajen zango, 'yan kalmomi kaɗan za su yi maka rana. "Bonjour" ita ce gaisuwa, "merci" na gode, "akpe" kuma na gode da harshen Ewe. Masu acaɓa ana kiran su zemijan, kuma ka daidaita kuɗi da su kafin ka hau. Babbar kasuwar Lome ta yi suna wajen atamfa, kuma manyan 'yan kasuwarta mata ne, waɗanda aka yi wa laƙabi da Nana Benz saboda motocin da suka riƙa hawa. Ofisoshi da yawa sukan rufe da tsakar rana, sai bayan azahar su sake buɗewa. Ka tafi da mahaɗin caji mai ƙafa biyu zagayayyu, domin soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko wurin binciken kan iyaka.

Yanayi da teku

Zafin Azare busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na Lome kuwa mai laima ne, riga takan jiƙe ta manne a jiki. Ka tafi da tufafin auduga marasa nauyi. Kudancin Togo damina biyu gare shi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Tafiya ta fi sauƙi tsakanin Disamba da Fabrairu. Sauro ba ya hutu a can, don haka gidan sauro ya shiga jaka tun farko. Mai son sanyi da duwatsu sai ya nufi Kpalime, kusa da dutsen Agu, wanda shi ne mafi tsawo a ƙasar, mita 986.

Saura teku. Za ka gan shi shimfiɗe a gefen birni, ga rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga jiragen ruwa can nesa suna jiran shiga tasha. Ka je ka gani, ya cancanci kallo. Amma wanda ya iya iyo a kogi ko a kududdufi kada ya ɗauka ya iya teku. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi ƙwarai. Takan zo ta bugi ƙafar mutum, ta kwashe rairayin da yake tsaye a kai, sannan ta ja shi ciki lokacin da take komawa. Ka tsaya inda masunta suka ce a tsaya, kada ka juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, kada kuma ka zauna a bakin teku bayan faɗuwar rana.

Ma'anar kalmomi

Tsumagiya: siririyar sanda mai lanƙwasa.
Hannu rabbana: ba tare da an riƙe kome ba.
Wa'adi: lokacin da aka ƙayyade wa abu.
Jabu: abin da ba na gaskiya ba.
Hatimi: tambarin da hukuma ke bugawa a takarda.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare.
Yada zango: sauka a hanya don a huta ko a kwana.
Laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa.

Nahawu: umarni da hani

Idan za a umarci namiji ɗaya, sai a sa "ka" kafin aikatau: ka duba fasfonka. Mace kuwa "ki": ki duba fasfonki. Mutane da yawa "ku": ku duba fasfonku. Idan hani ake so, sai a ƙara "kada" ko "kar" a farko: kada ki karɓi saƙo. Ka lura, hani ba ya ɗaukar "ba" a ƙarshe. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "kada ka je ba", kuma kuskure ne. Babba kuma ba a yi masa umarni kai tsaye. Sai a ce, "Malam, don Allah a duba mini wannan takarda."

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza zuwa Togo, kuma kwana nawa zai iya yi?
2. Wani ya yi allurar shawara ranar 3 ga wata. Yaushe katinsa zai fara aiki?
3. Mai goro ya ce da kai, "Dala sittin." Sefa nawa za ka ba shi?
4. Mota za ta tashi daga Lome ƙarfe 7 na safe. Ƙarfe nawa ke nan a agogon Azare?
5. Nemo jimlolin hani guda biyar daga karatun, ka mayar da su kamar da mace kake magana.
6. Rubuta wa ƙanwarka da za ta je Lome wasiƙa mai layi goma, ka gaya mata abin da za ta riƙe da abin da za ta kiyaye.