Gaba Ce Ko Kare Kai?

A wasan Elite Dangerous, wanda wani kamfanin Ingila ya fitar a 2014, 'yan wasa kan tuƙa jiragen sararin samaniya ta intanet. Wani yakan kwana yana fatauci, wani ya tare shi ya tarwatsa jirginsa don nishaɗi kawai. Sai wanda aka cuta ya toshe shi, don kada su sake haɗuwa.

Shin wannan gaba ce? Hadisin Buhari da Muslim ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Amma Ibnu Abdil Barri ya kawo ijma'in malamai cewa an yi rangwame ga mai tsoron cutarwa a addininsa ko duniyarsa. Wanda kuwa ya shiga fagen daga da yardarsa, aka kayar da shi, sannan ya toshe, wannan fushi ne kurum.