Gudummawa Ko Jari? Nazari Kan Kuɗin Kamfanoni A Zaɓe

Wannan ɗan rubutu zai duba kalmomi biyu, wato "gudummawa" da "jari", da yadda suke cin karo a fagen siyasa. Kasancewar Hausa ba harshena na farko ba ne, nakan je Sabo a nan Ibadan domin in gyara bakina. Gab da zaɓen 2023 na ce wa wani dattijo mai sayar da goro, "Baba, na ji kamfanoni suna ba 'yan takara gudummawa." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wanda ya yi gobara ake kai wa gudummawa. Wannan jari ne."

Na daɗe ina juya wannan gyara. Gudummawa taimako ne. Ko ta biki, da ake ramawa, kwatankwacinta ake mayarwa. Shi kuwa jari riba ake jira daga gare shi, kuma ribar kamfani a nan ita ce kwangila, ko sassaucin haraji, ko lasisin shigo da kaya.

Idan muka duba doka, za mu ga kamar ta fahimci abin da Baba ya faɗa. Sashe na 38(2) na Dokar Kamfanoni ta 1990 ya haramta wa kamfani ba jam'iyya kyautar kuɗi ko dukiya, kuma dokar 2020 ta maimaita haka a sashe na 43(2). Duk da haka, a 2003 wasu manyan 'yan kasuwa ƙarƙashin sunan Corporate Nigeria suka tara wa Obasanjo kuɗin yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a. Dokar Zaɓe ta 2010 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa kashe naira biliyan 1, ta 2022 ta ɗaga zuwa biliyan 5. A ganina, matsalar ita ce an hana kamfani, amma mai kamfanin yana iya bayarwa da sunansa, kuma aljihu ɗaya ne.

'Yan'uwana ɗalibai, ku lura da aikatau. A Hausa ana "ba da" gudummawa, ana "zuba" jari. Sau da yawa a rumfunan Sabo abin da na ji shi ne, "Alhaji wane ya zuba kuɗi a zaɓen wane."